Ranar da Alhaji Labaran Ya Fita Ba Hula

Da sunan Mai tsirar da ciyawa a kan faƙo muke buɗe tarihin gwarzon Funtuwa, Alhaji Labaran mai taya, ɗan Barmo, jikan Jatau wanda matsefi bakwai suka kwanta dama a cikin sumarsa, tattaɓa-kunnen Tanko wanda sai wanzamai biyu sun raba kansa gabas da yamma kafin a gama masa aski. Zuriya ce ta ma'abota suma, rana ba ta taɓa ganin fatar kan ɗayansu ba, har zamani ya zo kan Labaran.

Yana ɗan shekara talatin da uku sanƙo ya kawo masa hari. Ya ci iyakar goshi, ya kafa sansani a tsakar ka, ya kora mazauna wurin suka yi hijira zuwa ƙeya da bayan kunne. Labaran ya tura rundunar man kaɗanya, ya bi ta da dakarun habbatussauda, ya rufa da ruwan albasa, har matarsa Hajiya Tabawa ta ce ɗakin ya koma warin teburin mai tsire. Duka aka karkashe su. Sai sadauki ya gina ganuwa, wato hula zanna, ya shige ciki shekara goma sha tara, yana mai yaƙinin cewa ban da Allah da Tabawa babu mahalukin da ya san abin da ke ƙarƙashinta.

Ana nan sai jarrabawa ta sauko. 'Yan majalisar ƙofar masallaci, su shida har da shi, suka ƙulla niyyar zuwa Umra tare baɗi. A cikin harami kuwa namiji ba ya rufe kai. Labaran ya ce amin da baki, ya ƙara danna hularsa.

Garkuwar zuriyar Jatau, giwar layin masu taya, ya ɗaura ɗamara ya nufi Kaduna wurin wata likita mai dashen gashi. Ya rufe ƙofa da kansa, ya leƙa taga, sannan ya sauke ganuwa. Likita ta zagaye fagen fama da 'yar fitila, ta karanto masa sharuɗɗan sulhu.

"Alhaji, gashin nan ba daga kanti muke sayowa ba. Daga ƙeyarka za mu cira, ita ma ƙeyar ba wani arziki gare ta ba. Sai mun auna jininka da suga. Wanda muka dasa zai zube tukuna, sai wata tara zuwa shekara za ka ga yabanya. Kuma sati biyu ba hula."

"Ko 'yar farar nan ta raga, likita?"

"Ko ita."

Wannan shi ne tarkon da ya fi kowane tarko: don kada a ga kansa a Makka, sai an gan shi a Funtuwa. Da ya kai wa Hajiya Tabawa labari, ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafa ba, ta ce, "Alhaji, to ai can ma kuna gama sa'ayi aski za a yi maka." Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ya tattara rigarsa ya bar mata ɗakin.

Kwana uku yana shawara da madubi. Ran Laraba bayan La'asar ya yanke hukuncin gwada ƙarfin abokan gaba kafin ya sa hannu a takardar likita: zai taka daga ƙofar gidansa zuwa majalisa, taku arba'in cif, kai a buɗe. Ya rataye zanna a ƙusa, ya yi mata kallon bankwana, ya daki ƙirji ya ce, "Yau ko ni ko su!"

Kai jama'a! Wa ya ga fitowar ɗan Barmo, babbar riga na jan ƙasa, rana na sallama a tsakar kansa tana amsa wa kanta! A taku na goma iska ta taɓa inda ba ta taɓa taɓawa ba. A na ashirin wata akuya ta dube shi, ya haƙura bai rama ba. A na talatin hannunsa ya yi tawaye ya nufi kai zai rufe, ya tsawata masa. A na arba'in ya tsaya a gaban tabarma, inda mutum biyar suka duƙufa kan musun takin zamani.

Suka amsa sallama, suka matsa masa wuri, suka ci gaba da musu.

Haushi ya kama jarumi. Ya gyara murya ya ce, "Jama'a, ku shaida! Ina da sanƙo!"

Malam Ɗan'asabe ladan ya dube shi cikin tausayi. "Allah ya ba ka haƙuri, Alhaji. Ai kullum sau biyar kake ɗaga hular nan a bakin famfon can, wajen shafar kai. Ni da nake bayanka a layin alwala, shekara nawa ina kare ido."

Ana cikin haka sai ga adaidaita ta tsaya. Wata baƙuwa ta leƙo da jaka a cinya, ta ce, "Sannunku, bayin Allah. Don Allah nan ne Layin Mai Sanƙo?"

Mutum biyar suka sunkuyar da kai suna nazarin saƙar tabarma. Jikan Jatau ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya shafa kansa a hankali.

"Nan ne, Hajiya," in ji shi. "Gidan wa kike nema?"