Gashin Haƙarƙari a Saman Soron Misfala

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na gasa haƙarƙarin rago a saman soron gidanmu na unguwar Misfala a Makka ba, ko da tsufa zai cinye sauran abin da ke kaina. A shekarun sittin ne, lokacin da ake ta rushe tsofaffin gidaje ana faɗaɗa Harami. Na zo aikin hajji daga Kano, abokan tafiya suka koma, ni na maƙale ina ɗinki a wani lungu. Ba ni da iƙama, wato takardar zama, don haka ko tari askari, wato ɗan sandan can, ya yi a bakin titi sai in nemi wurin ɓuya.

Akwai wani dattijo, Alhaji Garba, cikin Hausawan da suka biyo ta Sudan tun da daɗewa, yana da ɗan shagon turare da carbi. 'Yarsa Zainabu nake so, ita ma ba ta ƙi ba. Abin da ya rage kawai shi ne uban ya yarda ni mutum ne da za a damƙa wa amana. Wata rana muna zaune a bakin shagonsa ya ce yana kewar gashi irin na gida, na kasuwar nan duk gishiri ne da hayaƙi. Bakina bai tsaya neman shawarata ba.

"Haba Baba, ai gashi gadon gidanmu ne," na ce. "Ka zo ran Juma'a bayan la'asar ka ci na hannuna."

(Gidanmu gidan maɗinka ne kaka da kakanni. Iyakar sanina da gashi shi ne in tsaya gaban mai tsire in ce a ƙara albasa.)

Na sayo haƙarƙari mai kitse, na aro ragar ƙarfe, na samo gawayi. Sai maganar yaji. Na san da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi, kuma akwai matan unguwa masu yi. Amma in na je ina tambayarsu yadda ake haɗawa, kafin magariba labari ya isa gidan su Zainabu. Sai na ce, to mene ne ƙuli-ƙuli in ba gyaɗa ba? Na sayo soyayyar gyaɗa, na zuba barkono da citta, na kulle ɗaki na daka. Ban san sai an matse man tas kafin ta zama garin yaji ba. Abin da ya fito daga turmin tunkuza ce zalla, tana ƙyalli. Na shafe haƙarƙarin da ita ciki da waje kamar mai yaɓen ɗaki.

Alhaji ya iso cikin farar jallabiya, ya hawo matakala yana haki, na shimfiɗa masa tabarma. Ya dubi naman, ya dube ni, ya ce "Masha Allah," bai ƙara ba. Ni kuwa na ɗauka yabo ne.

Gawayin bai ma gama ruruwa ba na ɗora ragar a tsakiyar wutar. Kitse ya fara ɗiga, man gyaɗa ya bi bayansa, sai ji na yi fuuu! Harshen wuta ya tashi ya kusa tsayina. Na ɗauki mafici na hau fifita da ƙarfi wai in kashe ta (kada ka tambaye ni dalili). Baƙin hayaƙi ya turnuƙe soron. Alhaji ya miƙe yana cewa, "Ya waladi, ɗana, janye naman, janye naman!"

Daga soron maƙwabta wata mata ta ƙwalla ihu, "Hariƙa! Hariƙa!" wato gobara. Gidajen Misfala na lokacin rabinsu katako ne, kuma a manne suke da juna, ba wanda ke wasa da wannan kalma. Nan da nan lungu ya ɗauki hayaniya. Sai na ji takun mutane a matakala, da ƙarar ƙarfe yana bugun bango. Zuciyata ta ce askarawa ne, yau sai Jidda, gobe sai jirgi.

Wallahi ban yi tunani ba. Na danƙa wa Alhaji maficin a hannu, na tsallake gajeriyar katangar da ta raba mu da maƙwabta, na kutsa ƙarƙashin tarin katifun alhazai da ake jibgewa a soro in hajji ya wuce.

Ashe mai ruwan unguwa ne da garewaninsa, da maƙwabta, da mai gidan da muke haya. Suka sheƙa ruwa a kan wutar, da naman, da wanda suka tarar tsaye da mafici. Ina kwance cikin zafi da warin katifa ina jin mai gida yana zazzaga wa Alhaji faɗa da Larabci, wai dattijo da furfurarsa zai ƙona musu unguwa saboda kwaɗayi. Alhaji bai ce ba shi ba ne. Haƙuri kawai yake ta bayarwa.

Da kowa ya sauka, sai na ji muryarsa a kan katanga.

"Fito, ya waladi. Ƙafafunka a waje suke tun ɗazu, kowa ya gani."

Na fito da auduga a gashina. Jallabiyarsa ta jiƙe sharkaf, toka ta yi mata zane. Kunyar da na ji a lokacin, da ƙasa ta tsage da na shige. Na fara kame-kame, ina cewa Baba ai gawayin ne ba shi da kyau.

"Bar zancen nama, rago ba ya ƙarewa a Makka," ya ce, yana matse gefen rigarsa. "Tsoron askari ma na san shi, na yi shi kafin a haife ka. Abu ɗaya nake tambaya. Ran da wuta ta tashi a ɗakinka, wa za ka miƙa wa maficin? Zainabu?"

Ya juya ya sauka matakala. Kafin hajji ya zagayo aka ɗaura mata aure da wani direba a unguwar Ka'akiyya. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma ban ga laifin kowa ba.

Na dai koyi darasi. Da na sake neman aure bayan wasu shekaru, uban yarinyar ya ce zai leƙo ya ga inda nake zaune, shayi na ba shi. Shi ma a wurin mai shayi na sayo.