Ranar Da Tukunyata Ta Fashe

Ba zan taɓa mantawa da zangon da na mayar da 'yan aji biyar ɗina masu ɗaukar fim ba. Ina koyar da tarihi a wata firamare a Wudil, kuma na gaji da ganin yara suna gyangyaɗi da zarar na ce "mutanen dā". Sai na raba su rukuni-rukuni, kowanne ya ɗauki bidiyo da wayata a kan yadda kakannin kakanninmu suka rayu. Hedimasta bai so ba, a ganinsa waya a aji shiririta ce. Da ƙyar ya ba ni zango ɗaya, da sharaɗin in iyaye ba su gamsu ba ranar taro, an rufe maganar.

Rukunin Hauwa'u, wata 'yar firit ɗin yarinya mai surutun tsiya, suka zaɓi ginin tukunya. Ta ce sana'ar kakarta ke nan a Indabo, mu je wurinta. Na ce kada a wahalar da tsohuwa, ai ni ma na iya (iyawar tawa shafi biyu ce da na karanta a littafi).

Ranar ɗauka na ɗaura buzu a kan wandona, wai ni mutumin dā. Na kwaɓa yumɓun da muka ɗebo a bakin kogi, na gina wani abu, shi ba kasko ba, shi ba hula ba. Saboda zumuɗi, a take na tula masa kara na cinna wuta, ina ta zuba bayani ina nuni da yatsa. Ban ƙarasa ba tukunyar ta yi bindiga. Wallahi ban san lokacin da na tsallake kwata ba, ina salati, buzu a ƙasa, takalmi ɗaya a ƙafa. Da na dawo hayyacina na ce a goge. Hauwa'u ta ce to. Ranar Asabar yayanta ya kai su Indabo da tasa wayar, shi ya haɗa musu aikin, ni kuma kunya ta hana ni duba shi.

Ranar taro aka haska a bangon aji, iyaye maƙil, hedimasta a gaba. Sai ga ni da buzu. Ashe Hauwa'u ba ta goge ba, tura wa yayanta ta yi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Gudun nan sau biyu suka sako shi, na biyun a hankali. Wani dattijo har da share hawaye don dariya.

Daga nan sai ga Iya, kakar Hauwa'u, tana haɗa yumɓu da ƙaiƙayi. Yaran suna tambaya, tana nuna musu yadda ake barin tukunya ta sha iska kwanaki kafin a gasa. Wani yaro da bai taɓa ɗaga hannu a ajina ba ya fuskanci kamara ya yi bayanin cewa ruwan da ke cikin ɗanyen yumɓu ne ya zama tururi ya fasa tawa tukunyar, kuma da irin tsingaron nan masana ke gane yadda mutanen dā suka rayu. Aka ɓarke da tafi. Duk da kunyar, kaina ya yi girma, don 'ya'yana ne.

Da aka tashi na ja Hauwa'u gefe na tambaye ta dalilin da ya sa ba ta goge ba.

"Malam, ai kai ka ce mai ba da tarihi ba ya ɓoye abin da ya faru."

Hedimasta ya amince mu ci gaba, amma ya ce kada in ƙara kusantar wuta.

Abin da na koya shi ne, in ka koya wa yara faɗin gaskiya ka kuma miƙa musu kamara, to ka shirya, da kai za su fara.