Yarima a Tashar Jirgin Ƙasa

A azumin shekarar da na yi aure, gidan surukina a Omdurman muke shan ruwa. In talabijin ta gama waƙoƙin soja, sai ta sa mana shirin wani yarima mai yaƙi da aljanu. Ni kaɗai na karanta littafin da aka ciro labarin daga cikinsa, wanda na saya a bakin titi a kasuwar Suk al-Arabi, don haka na naɗa kaina alƙali. Kullum sai na ja tsaki na ce, "A littafi ba haka yake ba."

Ana gobe shirin zai ƙare, surukina ya tambaye ni ko yarima zai gaji ubansa.

Na gyara zama na ce, "Baba, in sun bi littafi, zai ajiye takobi ya kama sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa, tari ya kashe shi. Zurfin labarin ke nan, ba kowa zai gane ba."

Surukata har da share hawaye.

Washegari yarima ya hau karaga lafiya lau. Ina cikin tsine wa masu shirin, matata ta buɗe littafin a gaban kowa. Daga tsakiya takardar ta canza launi, sunayen mutanen ma sun canza. Ashe rabin wani littafi daban aka liƙa masa, ni kuwa na ɗauka salo ne.

Surukina bai yi dariya ba. Cewa kawai ya yi, "Ya salam, zurfi."

Yanzu har na yi furfura, amma ko haihuwa aka yi a dangin matata, sai an kira ni an tambaye ni yadda take a littafi.