Ranar da Na Tona Asirin Goruba a Saman Dala

Ba zan taɓa mantawa da lokacin da na ji garin Nguru ya fara zamewa hagu ba. Ina tsaye a kan kafaɗun 'yan mata biyu, su kuma suna tsaye a kan gadon bayan 'yan mata huɗu da suka durƙusa, na ware hannuwa, ina murmushin da aka koya mini. Sai na ji kamar wani ya kama gefen filin yana jan sa a hankali. Yau mako uku ke nan, amma ko kan benci na hau don in goge allo sai na dafa bango.

Bari in koma baya kaɗan, don ku san yadda aka yi na kai kaina can sama.

A makarantarmu ta 'yan mata a Gashuwa, bara aka kawo mana sabuwar malamar wasanni, Malama Rifkatu, 'yar wajen Jos. Ita ta ce zaman da muke yi a bakin fili muna tafi da guɗa idan 'yan gudunmu suna tsere ba tsari a cikinsa. Ta kafa ƙungiyar 'yan kirari, masu waƙa da taka rawa a jere, a ƙarshe kuma su hau kan juna su yi abin da muke kira dala. Da aka ji cewa a gasar makarantu ta bana a Nguru har da kofin 'yan kirari, sai makaranta ta ɗauki zafi. A ɗakin cin abinci ba a wata hira sai ta wa za a sa, wa za a cire. Wasu su ce 'yan Nguru dalarsu hawa biyu ce kawai amma ba ta rawa. Wasu su ce ai ta samansu har juyi take yi da ƙafa ɗaya (babu wadda ta gani da idonta, kullum ƙawar yayar wata ce ta gani).

Ni ba murya, ba rawa. Abin da nake da shi kawai rashin nauyi da son a ga sunana a takardar da za a liƙa a ƙofar ofis. Ranar zaɓe Malama ta jera mu ta ce, "Wace ce ba ta tsoron sama?"

Kafin in yi tunani hannuna ya tashi. "Ni, Malama. A garinmu Dagona ni nake hawa goruba in tsinko wa yara."

Malama ta yi murna har da dafa ni. Sauran 'yan matan suka yi tsit. Siniya Yagana, doguwar Babarbariyar nan ta aji biyar da ake tsoro ko a layin famfo, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Goruba ko? Madalla." Na ɗauka yabo ne. Washegari sunana ya fito a saman takarda, na je na karanta shi ya fi sau goma, kamar zai canza.

Gaskiyar magana, ko katangar gidanmu ban taɓa hawa ba. Abin da ya rufa mini asiri wata biyu shi ne dokar Malama. Ta ce wadda take sama ba ta kallon ƙasa, ta nemi abu ɗaya da ba ya motsi ta kafe shi da ido har a busa usur na biyu. A filinmu akwai tankin ruwa. Ni da tankin nan mun shaƙu, na san duk inda ya yi tsatsa. Doka ta biyu kuwa ta sauran ce. Ni zan jefa kirari daga sama, su kuma su amsa da "Sai Gashuwa", komai ya faru. "Ko akuya ce ta shigo fili," in ji Malama, "ku amsa. Alƙalai tsari suke dubawa." Siniya Yagana ita ce mai tara, tana tsaye a bayan dala, idan an busa na biyu ta ɗauke ni a wuyanta ta durƙusa in sauka.

Muka tafi Nguru a bayan babbar mota muna waƙa har muryoyi suka dushe. Filin ya cika maƙil, ɗalibai da malamai da manyan baƙi a rumfa, masu sayar da ƙanƙara da rake a bakin ƙofa. 'Yan Nguru suka yi nasu, dala hawa biyu, tsaf, ba juyi da ƙafa ɗaya. Muka shiga muka yi rawarmu lafiya. Aka busa usur na farko, huɗu suka durƙusa, biyu suka hau, Siniya Yagana ta cilla ni sama. Fili ya ɗauki tafi, don ba su taɓa ganin hawa uku ba. Mai sanarwa ya ɗaura makirfo a doguwar sanda ya miƙo mini daidai baki.

Sai na nemi tanki. Babu tanki.

Na yi sauri na leƙa bayan katangar filin, na hango wani dogon abu ja mai rubutu a jiki, kamar ɗakin ajiya. Na ce Alhamdulillahi, na kafe shi da ido. Na buɗe baki zan fara kirari ke nan, sai abin ya fara tafiya dama, ni kuma na ji ni da dala da filin gaba ɗaya muna tafiya hagu.

Na runtse ido. Abin da ya fito daga lasifika, wanda aka ce har kasuwa an ji, shi ne, "Wayyo Innata!"

'Yan mata goma sha biyu suka amsa da murya ɗaya, "Sai Gashuwa!"

"Za mu faɗi, wallahi muna tafiya!"

"Sai Gashuwa!"

A nan na tabbatar kwanana ya ƙare, kuma ban so in tafi da ƙarya a wuyana ba. "Malama ki yafe mini, ban taɓa hawa goruba ba, jifa nake yi!"

"Sai Gashuwa!" (An ce wannan amshin har da 'yan Nguru da mutanen rumfa.)

Na ji usur, na ji an taɓa ni, na cafke abin da hannuna ya samu na ƙanƙame. A zatona ina lilo ne tsakanin sama da ƙasa. Na ci gaba da salati, ina haɗawa da neman gafarar duk wadda na taɓa ci wa ƙuli-ƙuli a akwati, da sunayensu. Ban san tsawon lokacin ba. Sai na ji murya a ƙarƙashin haɓata, a shaƙe.

"Ke 'yar Dagona, sakar mini kai. Kitson jiya ne."

"Siniya, kada ki sake ni."

"Ni na riƙe ki ko ke kika riƙe ni? Buɗe idonki."

Na buɗe ɗaya. Siniya Yagana tana durƙushe, ina zaune a wuyanta, tafin ƙafata duka biyu a kan rairayi. Sauran sun riga sun jeru sun rusuna wa alƙalai. Mai sanarwa yana tsugune a gefena da sandarsa, yana share hawaye da hula. Can bayan katanga kuwa ɗakin ajiyana yana ta tafiya, da 'yan'uwansa a jere, har da busa ƙaho. Taragon jirgin ƙasa ne. Mu Gashuwa ba mu da jirgi, ina zan san ɗaki yana tashi?

Malama ta iso tana dariya har tana riƙe ciki. Na fara ba ta haƙuri, na ce ta cire sunana. Siniya Yagana ta miƙe tana murza wuya ta ce, "Malama, ke kaɗai ce ba ki sani ba. Duk ƙasar Bade, daga Gashuwa har Dagona, wace yarinya ce take hawa goruba da ƙayar nan tata? Mun yi shiru ne don ita ce ba ta da nauyi. Da ta faɗi gaskiya, Hajara mai ƙibar nan za ki sa, ni kuma ina son wuyana."

Na ce, "To dalar fa, ba ta karkace ba?"

"Ko motsi ba ta yi ba," in ji Malama. "Ke ma ƙafarki ba ta gusa ba, bakinki ne kawai ya faɗi. Tashi, kina ƙasa, ba abin da ya same ki."

Kafin la'asar aka kira mu karɓar kofi. Babban alƙali ya ce bai taɓa ganin ƙungiyar da ake yi wa sallamar mutuwa daga sama tana amsawa a kan kari ba. Sunana yana nan a takardar ƙofar ofis, sai dai wata ta ƙara "Mai Goruba" da jan biro a gefensa. Abin da na koya kuwa, idan za ki yi ƙarya ki fara duba ko mutanen garinku suna cikin layi, idan kuma za ki dogara da abu a baƙon gari, ki leƙa ƙasansa tukuna ki ga ko yana da taya.