Ranar Da Na Je Cin Roka

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Alhamis a unguwar Bloomsbury, can ƙasar Turawa, lokacin ina digiri na biyu a fannin injiniya. Farfesarmu tana aiki da wata tashar harba roka da ke wani tsibiri can arewacin Scotland, kuma ɗalibi ɗaya tak za ta ɗauka ya je ya yi aiki a can. Ni kuwa na ƙwallafa rai a kan gurbin nan, har addu'a nake sa mahaifiyata tana yi min daga Kano.

Ran Talata Farfesa ta tare ni a bakin lif na hawa bene, ta ce in zo jibi da sha biyun rana, akwai launch. To mu da launch (harba roka) da lunch (abincin rana) duk abu ɗaya kunnenmu yake ji. Na koma gida, na ce wa maigidana, "Farfesa ta gayyace ni cin abinci, aiki ya samu!"

Ya ce, "To ki ci a hankali, kar ki ba mu kunya."

Ranar ko karyawa ban yi ba (wai ina ajiye wa abincin Turawa wuri). Na shiga na tarar da mutane cike da ɗaki sun yi tsit, sun zuba wa wani ƙaton allo ido. Ga roka a tsaye a cikin allon, tururi na fita ta gefenta. Na leƙa teburi, ko ruwa babu. Ni sarkin fahimta, sai na ce ai ba a kawo ba tukuna.

Da jira ya ishe ni, na matsa kusa da Farfesa, da muryar da na ɗauka ƙasa-ƙasa ce, na ce, "Farfesa, ina fatan dai halal ne?"

Ta kalli rokar, ta kalle ni. Ta ce, "Kananzir ne da iskar oksijin a ciki. Ban san hukuncinsu ba."

Ɗakin ya kwashe da dariya. Wallahi ban ga tashin rokar ba, takalmina na yi ta kallo, na tabbata gurbi ya tafi.

Bayan mako biyu sai ga saƙonta, ni ta ɗauka. A ƙasa ta ƙara layi ɗaya: kifi ake ci a tsibirin, in kwantar da hankalina.

Tun daga nan, duk Baturen da ya gayyace ni wani wuri, sai na ce ya rubuta min.