Yadda Za Ka Ari Ciwon Ido Ka Ci Karta a Tiga

Idan kai ne kullum ake yi wa dariya a majalisar karta, matso kusa, wahalarka ta ƙare. Hanyar nan tabbatacciya ce, ba a taɓa jin ta ba wa mai ita kunya ba sai sau ɗaya, shi ma za mu zo kansa. Mudi mai faci ne ya ƙirƙiro ta a Tiga, ƙarƙashin mangwaron da ke bayan masu suyar kifi, inda ake shimfiɗa tabarma bayan la'asar.

A majalisar nan ba a caca. Hukuncin wanda kati ya rage a hannunsa shi ne ya ɗora wata tsohuwar malafar masunta mai ƙarnin kifi, ya zauna da ita a bakin hanya har a kira magariba, duk mai wucewa ya yi masa barka da sarauta. Mudi kuwa ya sha rantsuwa cewa malafar nan ba za ta taɓa hawa kansa ba. Da wannan aka san shi, kuma ba shi da wani abin taƙama da ya wuce shi. Ga yadda ya yi.

Mataki na ɗaya: Ka san kayan aikinka

Karta gida huɗu ce, amma kala biyu. Mutanen mangwaro suna kiran gidajen zuciya, laya, mashi da ganye. Zuciya da laya ja ne, mashi da ganye baƙi. Doka ɗaya ce: abin da ke ƙasa shi za ka bi, idan ba ka da shi ka ɗebi ƙari.

Yanzu ɗauki mashi ka juya shi. Me ka gani? Zuciya ce aka kifa aka yi mata wutsiya. Idan karta ta tsufa, ta sha man kifi da gumin hannu, kala kaɗai ke raba su da sauri. Mai hankali a nan yake gina gidansa.

Mataki na biyu: Ka samo ciwo mai suna

Kada ka ce idonka na yaji, za a ce ka sa tozali. Ka nemi ciwon da likita ya sani amma majalisa ba ta sani ba. Mudi a rediyo ya ji nasa, yana cikin liƙe tayar wani babur: wai akwai mutanen da Allah ya halitta ba sa rarrabe ja da kore, wasunsu ma ja yakan yi musu duhu kamar baƙi. Ya ajiye tayar ya ce alhamdulillahi.

Da yamma ya jefa mashi a kan zuciya. Baba Labaran, tsohon direba wanda shi ne alƙalin tabarma, ya riƙe masa hannu.

"Kai Mudi, wannan fa?"

Mudi ya sunkuyar da kai, ya ja numfashi. "Baba, abin da nake ɓoyewa ke nan tun ina yaro. Ni ja da baƙi duk ɗaya ne a idona."

Baba Labaran ya saki hannun a hankali, ya ce, "Subhanallahi. Allah ya ba ka lafiya, ɗana." Daga ranar aka yi doka: kuskuren Mudi ba kuskure ba ne, jarrabawa ce.

Mataki na uku: Ka riga kowa

Wannan shi ne ƙashin bayan sana'ar. A majalisa kowane ciwo mai shi ɗaya ne. Wanda ya fara faɗa shi ne majinyaci, na biyu ɗan kwaikwayo.

Dubi Ukasha, manomin rani mai sanyin magana da ke zama a gefen tabarma. Shi ma yakan jefa mashi a kan zuciya, amma shi idan ya yi sai a ce hankalinsa na gonar albasa, a ɗora masa ƙarin kati. Yakan daɗe yana ƙura wa katinsa ido har a fara yi masa tafi. Malafar ta saba da kansa har ta ɗauki siffarsa. Ranar da Mudi ya bayyana ciwonsa Ukasha ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai Mudi ya riga shi.

"To, ga wani zai ce shi ma ya kamu."

Aka kwashe da dariya. Ukasha ya yi murmushi ya gyara malafarsa.

Mataki na huɗu: Kada ciwon ya tsaya a tabarma

Ciwon da ke tashi da la'asar ya kwanta da magariba ba ya daɗewa. Ka fita da silifa ɗaya ja ɗaya baƙi. Ka tsaya gaban mai tumatir ka tambaye shi ko waɗannan sun nuna. Idan matarka ta yi sabon ɗinki, ka yabi kalar da ba ita ba.

A nan sai ka yi hattara. Hasana matar Mudi ta saurare shi yana yabon jan atamfarta da sunan baƙa, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ikon Allah. Amma jan nama a miya ba ya taɓa ɓace maka." Matar gida ba a gama mata bayani, ka bar ta kawai.

Mataki na biyar: Ka ji tsoron mai tausayinka

Maƙiyi ba ya kashe wannan sana'a, masoyi ke kashe ta. Baba Labaran abin Mudi ya tsaya masa a rai. Da ya je Kano ɗaurin auren jikarsa sai da ya zaga kasuwa yana tambaya, ya dawo da ƙunshi a aljihu yana ta fara'a.

"Mudi, kukanka ya ƙare. Ga karta mai kala huɗu, don irinku aka yi ta."

Ya baje ta a tabarma, sabuwa fil tana ƙyalli. Zuciya tana nan ja, ganye baƙi, amma laya ta koma ruwan ɗorawa, mashi kuwa shuɗi ne shar kamar bulan wanki. Ko daga tsallaken titi ba mai haɗa shi da zuciya.

Mudi ya ɗauki mashin ya jujjuya shi. Ya ce, "Allah ya saka da alheri, Baba," da muryar wanda aka kawo wa sammaci.

Mataki na shida: Ka yaƙi kartar nan da duk abin da kake da shi

Ka ce santsi gare ta. Ka ce warin roba take yi. Ka ce iyayenmu da kala biyu suka buga kuma ba su rasa komai ba. Ka tambaya ko an tabbatar kartar nan ba ta 'yan caca ba ce.

Mudi ya faɗi duk wannan, har ya ƙara da cewa shuɗi na sa masa ciwon kai. Baba Labaran ya ce tsohuwar kartar ai ya riga ya ba masu suya sun hura wuta da ita. Ya fara rabawa.

Mataki na bakwai: Idan an raba, ka dogara ga Allah

Abin da ya fara ɗaure wa majalisa kai shi ne Ukasha. Mutumin da ake yi wa tafi kafin ya jefa kati ɗaya, yau ba mai kamo shi don sauri. Ya bi gida daidai, ya sake bi daidai, ya watsar da katinsa tun kafin shayi ya tafasa. Sai ya zauna yana jujjuya hannuwansa, ya rasa inda zai sa su.

Saura suka fita ɗaya bayan ɗaya, aka bar Mudi da wani mai gyaran injin ban ruwa. Zuciya ce a ƙasa. A hannun Mudi kati ɗaya ya rage, mashi, shuɗi shar. Ya saci kallon malafar da ke rataye a reshe, ya ji ƙarninta tun daga nan. Sai ya yi abin da ya saba: ya jefa, ya tashi yana karkaɗe riga.

"Mudi," in ji Baba Labaran, "shuɗi a kan ja?"

"Baba, ai ka san lalurata."

Tausayi ya fara neman rinjayar Baba Labaran. Sai aka ji murya daga gefen tabarma, a hankali, ba da faɗa ba.

"Shuɗi kam muna ganinsa, Mudi."

Kowa ya juya. Ukasha ne, idonsa na kan katin.

"Ja ne ke yi mana duhu. Ni tunda nake ban taɓa raba mashi da zuciya da kallo ɗaya ba sai yau. Ashe haka kuke ganin wasan nan? Ashe da daɗi."

Ba wanda ya yi dariya. Baba Labaran ya dubi Ukasha ya daɗe, yana tuna yawan yammacin da shi da hannunsa ya ɗora masa malafa, sai kunya ta kama tsohon har ya cire hularsa ya mayar. Mudi ya daina karkaɗe riga. Shekara da shekaru yana cin tausayin da aka dafa don wani, mai shi kuma yana zaune a gefensa cikin ƙarnin kifi. Abin ya yi masa ciwo fiye da yadda ya zata.

Bai jira hukunci ba. Ya miƙa hannu ya ciro malafar da kansa, ya ɗora, ta zurma masa har kunne don ba kansa ta saba da shi ba. Ya je bakin hanya ya zauna. Mai wucewa na farko Hasana ce, za ta kai niƙa. Ta tsaya, ta ɗan rusuna.

"Ranka ya daɗe. Ashe ido ya buɗe?"

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba likita ba ne, ba ɗan karta ba ne, bai kuma taɓa zama ƙarƙashin mangwaron kowa ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya tsinci kansa a bakin titi yana amsa gaisuwar sarauta, shi ya ja wa kansa. Kafin ka ari ciwo dai, ka waiwaya gefen tabarma ka tabbatar mai shi ba ya zaune.