Rumbun da ke Cinna wa Kansa Wuta

Jama'a, waɗanda sunka zo tukubata a Gidan Dare jiya Talata sunka tarar ban hura wuta ba, ku yi mini afuwa. Lafiyata lau, nama kuma bai ƙare a mahauta ba. Ilimi na tafi nema. Shekara sittin da huɗu ina gararamba a duniya, na sha raka shanu kudu a saman tirela, na ga 'yan damfara iri-iri, amma ban taɓa jin an gina rumbun da ke cinna wa kansa wuta ba sai jiya, a wani ofishi da ba zan kama sunansa ba. Mu dai a unguwa Ofishin Dawo-Gobe muke ce masa.

Iyatu ce ta kai ni, matar abokina marigayi Ubaidullahi dillalin shanu. Ɗaki uku da rijiya ya bar mata a Unguwar Rogo, nan take zaune da jikokinta. Maƙwabcinta Alhaji Amiru na gina shaguna, ya wayi gari ya ce zaurenta da ɗakin da take kwana duk cikin filinsa suke, har ya sauke bulo a ƙofarta. Mai unguwa ya ce kowa ya kawo takardarsa kafin Juma'a. To ita tata takardar, bara anka yi shela a rediyo kowa ya kai ta gidansa a shigar da ita kwamfuta don kada gara ta ci. Ta kai, sunka karɓe, sunka ce ta dawo gobe. Goben ce munka je jiya.

Munka tarar da akawu, Malam Jalaluddeen, mutum mai fara'a, irin wanda zai gaya maka gidanka ya rushe yana murmushi.

"Baba, ai takardun Unguwar Rogo gaba ɗaya suna cikin kwamfutar Yallaɓai, shugaban ofishin nan."

Na ce, "Madalla. A buɗe muna."

"Ita ce dai ta rasu."

Iyatu ta gyara mayafi ta ce, "Mi ya same ta, ɗana? Ita ma hawan jini?"

Sai ya zaunar da mu ya yi mana karatu. Ashe kowace kwamfuta tana da ɗan rumbu a cikinta, inda take zuba duk abin da anka ba ta ajiya. Shi kuwa Yallaɓai, Allah ya ƙara masa girma da sanyin ofis, ba ya amfani da irin rumbun talakawa. Nasa daga ƙasar waje anka kawo shi, da masana biyu da sunka kwana bakwai a otal suna koya masa danna maɓalli ɗaya. In kwamfutar ta ɓace ko ɓarawo ya ɗauke, sai ya ciro wayarsa ya danna, ko tana Agadas saƙo zai same ta, rumbun ya ƙone kansa ƙurmus. Ɓarawo ya tashi a banza, sirri ya tsira.

Wallahi na yaba. Na ce wanga shi ne ci gaba. Mu da iyayenmu sunka yi ta wahalar ɗora rumbu a kan duwatsu suna shafe shi da laka don gero ya kai wata damina, ashe duk duhun kai ne. Dabara ita ce ka ajiye ashana a gindinsa, da ka ji motsi ka ƙyasta. Ɓarawo bai ci ba, 'ya'yanka ma ba su ci ba, an yi adalci.

Na ce, "To wane la'ananne ya sace ta?"

Malam Jalaluddeen ya waiga ƙofa, ya rage murya. Wai wata walima Yallaɓai ya je wajen Kwalkwalawa. Ya fito bayan La'asar, ya shiga bayan mota, ya duba kujera, babu jakar kwamfutar. Direbansa na can yana sallame salla, taku goma tsakaninsu. Amma kun san babban mutum ba ya tambayar ƙaramin mutum, sai dai ya ba shi umarni. Ya ciro waya ya danna. Jama'a, na'urar da anka saya don ta yi aiki daga nan zuwa Agadas ta yi aikinta daga nisan taƙi ɗaya. Hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin kujerar da yake zaune, da wari kamar ana babbakar ƙafar saniya. Direba ne ya tura jakar can don kada ɓarayi su hango ta ta gilashi. An ce Yallaɓai ya fito da takalmi ƙafa ɗaya yana kakkaɓe babbar riga, maroƙa sunka zaci wani sabon turare ne na manya, sunka ƙara kirari.

"Ba ku da ta biyu?" in ji ni.

"Haba Baba. In an yi ta biyu ai sirri ya fita."

Iyatu ta ce, "Gidan nawa shi na sirri? Kowa Unguwar Rogo ya san ƙohwata. Har Amiru ya san ta, shi ya sa ya zuba mata bulo."

Na ce to a bar mamaciya ta huta, a ba mu takardar da ta kawo da hannunta. Nan Malam Jalaluddeen ya ɗaga kai yana ƙirga fankar sama. Wai siton da takardu ke ciki an kwashe shi, an sa janareta da na'urar sanyi, saboda kwamfuta ba ta son zafin Sakkwato. Mu ne dai muke sonsa. Na ce an kwashe zuwa ina? Ya ci gaba da ƙirga fankarsa. Sai na lura da masinjan ofis a bakin ƙofa, Abubakar Siddiƙ, tsoho kamata, yana kallon silifas ɗinsa kamar yau ya fara ganinsu.

Na san Abubakar Siddiƙ. Shi ke kawo mini takardar naɗe nama. Da can tsohuwar jarida nake samu da takardar siminti, amma wata biyar ke nan yana kawo mini wata irin takarda mai kauri, mai hatimi, wadda mai ba ya huda ta. Masu saye har yabawa suke, suna cewa Malami ka waye. Ashe gidajen Unguwar Rogo nake ta barbaɗa wa yaji.

Na ja shi gefe na ce, "Tsakaninka da Allah, mu nawa kaka kai ma?"

Ya ce, "Ku mahauta huɗu, sai Wasila mai ƙosai. Cewa anka yi in ƙone, Malami. Ni ko na ga asara ce."

Kun ji mutumin da ya fi kowa hankali a ofishin nan, shi ne kuma ba ya da kujera.

Saura yadda za a gane takarda ɗaya cikin buhu bakwai da ya rarraba muna. Ni bokona bai wuce lambar mota da sunana ba, Iyatu kuwa ko hakan babu. Amma duk wanda ya yi zaman kara, kasuwar shanu, ya san kowane dillali yana da alamar da yake shafa wa shanunsa da fenti don kada su ɓace cikin na wasu. Ta Ubaidullahi zane uku ce da ɗigo, kamar sawun kaza, da jan fenti. Kuma mutumin nan bai bar ta a kan shanu ba. Tana jikin butarsa, tana ƙofar gidansa, har takalminsa na masallaci. Na tambayi Iyatu, ta ce, "Tana bayan takardar. Ranar da ya sa ta har faɗa munka yi, na ce takarda ba saniya ba ce."

Munka juye buhuna biyu a tabarma, muna kifa takardu ɗaya bayan ɗaya kamar masu juya masa. Babu. Munka bi sauran mahauta uku, kowa na ganin na haukace. Babu. Ana gab da La'asar munka isa wajen Wasila, ƙafar Iyatu ta kumbura, ni kuma ina lissafin wanne cikin masu sayena ya cinye da gidanta ya jefa a kwata. Muna tsaye ina yi wa Wasila bayani, wani mai keke ya karɓi ƙunshinsa ya juya zai tafi. Sai na ji tsohuwar nan ta zabura kamar budurwa ta damƙe masa hannu.

"Bawan Allah, juye ƙosanka a hula. Gidana kaka riƙe."

Zane uku da ɗigo. Mai ya ɗan taɓa kusurwa ɗaya, amma hatimi na nan, sunan marigayi na nan. Ta zauna a benci ta rufe fuska da mayafi, mu kuma munka yi kamar muna kallon titi.

Don fitar da haƙƙi munka koma ofis mu shaida musu. Malam Jalaluddeen ya yi murna ƙwarai. Ya ce, "Kawo, Inna, a ajiye miki. An yi odar sabuwar kwamfuta, ta fi waccan. Ita ko dannawa ba a yi, in ta kwana uku ba ta ga fuskar Yallaɓai ba da kanta take ƙonewa."

Na ce a raina, mutumin da ke shekara bai cika kwana uku a jere a ofis ba.

Iyatu ta ninke takardarta huɗu, ta ƙulle a haɓar zani, ta ce, "Ta shiga tawa kwamhutar. Wagga duk wanda ya kai mata hannu, shi ka tarwatsewa."

Yau da safe mai unguwa ya karanta ta a gaban kowa, yana ɗan shinshinawa, yanzu haka leburorin Alhaji Amiru na kwashe bulo.

Saboda haka mutanen Unguwar Rogo, duk wanda ya kai takardarsa bara, kada ya wahalar da kansa zuwa Dawo-Gobe. Ya zo Gidan Dare bayan La'asar, buhu biyu na nan a gefen tukuba, na daina naɗi da su. Dubawa kyauta ne. Amma wanda ya riga ya ci balangu a wurina cikin wata biyar ɗin nan ya jefar da takardar, ni ban san gidan wa ya jefar ba, ya dai yi addu'a kada nasa ne.